Wai Ba Addini Ba Ne: Sati Huɗu a Bronx

Mun tashi daga gida ana kiran assalatu, ni da maigidana Malam, ƙanensa ne ya ja mu a motarsa. Laraba ce, satin farko na Disamban 2014. 'Yarmu ta fari ce ta haihu a New York, inda take zaune da mijinta shekara goma sha ɗaya ke nan, mu kuwa ba mu taɓa leƙa su ba, sai dai su su zo. Tun da na dawo kuke tambayata yaya Amurka, ina ce muku lafiya lau. Lafiyar ce, amma akwai abin da na ƙunso a raina, yau zan zazzage muku shi.

A Kura muka yi sallah, muka karya a Zariya da ƙosai da kunun tsamiya. Daga nan har Kaduna shingen sojoji ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai an buɗe but an leƙa. Wani soja ya shinshina jakata ya ce, "Hajiya, wannan fa?" Na ce daddawa ce da kuka, Amurka za su. Ya ce Allah ya ba mutanen cikin jirgin haƙuri. A Tafa muka ci doya da ƙwai, muka shiga Abuja bayan la'asar. Jirgin ya sauke mu a Turai muka yi zaman awa biyar muna jiran wani. A can Malam ya sayi shayi kofi ɗaya, ruwan zafi ne kawai da ɗan ƙullin ganye. Da aka faɗa masa kuɗin ya ce a Kano da shi zai shayar da duk majalisarsu har da burodi. Ya shanye shi tas yana ɓata rai.

Da muka sauka New York daddawa da kuka suka wuce lafiya, kilishin da na tsaya a kai aka yi mini a Agadasawa kuwa aka karɓe, wai nama ba ya shiga. Sanyin da ya tare mu a bakin ƙofa ban taɓa jin irinsa ba. Ba ya tsayawa a fata, ƙashi yake nema. Surukinmu ya zo da manyan riguna biyu ya naɗe mu a ciki, ya sa mu a mota.

A Grand Concourse suke zaune, a unguwar Bronx. Titi ne mai faɗi da tsawo, gefe da gefe dogayen benaye na jan bulo, kowane bene ya kai unguwa guda yawan jama'a. Hawa na shida suke. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne Hausa. A cikin lif ka ji ta, a kanti ka ji ta, ga ta Ghana, ga ta Nijar, ga tamu ta Kano, kowa yana cusa Turanci a tsakiya. Akwai kantin wani mutumin Kumasi a ƙasan benen, doya da manja da gero har da goro duk yana da su, sai dai doya guda ɗaya ana ɗaga ta kamar gwal. Kwana biyu Malam ya samu masallaci a wani tsohon shago, ya samu abokan hira, na daina ganinsa sai lokacin abinci.

Babbar jikata Sumayya shekararta takwas, tana aji uku a makarantar gwamnati da ke bayan layinsu. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take ba da amsa. Ni kuwa shekara talatin da biyu na yi ina koyarwa, goma sha ɗayan ƙarshe ina shugabar firamare, don haka Turancinta bai gagare ni ba, saurinsa ne kawai yake wahalar da ni. Muka shaƙu nan da nan. Ita ke raka ni kanti, ita ta koya mini yadda ake goga katin jirgin ƙasa.

Kwanana huɗu, ina yi wa jariri wanka da safe, na ji ta tana rera waƙa tana ɗaura takalmi. Muryarta mai daɗi ce, har na fara murmushi. Da na kasa kunne sosai sai murmushin ya tsaya. Waƙar tana maganar wani jariri da aka haifa, tana kiransa Ubangiji. Na tambaye ta a ina ta koya. Ta ce a makaranta, ta bikin hunturu ce da za su yi kafin hutu, kuma ita aka zaɓa ta riƙe wata da tauraro a kan dandamali.

Da ta fita na kira uwarta. Ta ce, "Umma, haka suke yi duk shekara. Sun ce ba addini ba ne, waƙar gargajiya ce kawai."

Na ce, "Gargajiyar wa?"

Sai ta ɗauko mini takardar da makaranta ta aiko. Na sa gilashina na karanta. An rubuta cewa bikin ba shi da alaƙa da kowane addini. Za a kafa bishiyar Kirsimeti, da mazaunin kyandir na Yahudawa, da jinjirin wata da tauraro, dukansu a matsayin alamomin al'ada. A ƙasa ga layin da Sumayya za ta haddace: wai wannan ita ce alamar bikin hunturu na Musulmi. Na sake karantawa. Azumin bana a tsakiyar shekara muka yi shi, layya a Oktoba. Ko da Maulidi ya kusa, ba shi suke nufi ba, don uwar ta ce bara ma haka wata yarinya ta faɗa. Wato wani ya zauna a ofis ya ƙirƙiro mana biki, ya sa a bakin jikata, don kawai jeri ya cika uku.

'Yata ta ce, "Umma, don Allah kar ki ɗauki abin da zafi. Mu fa baƙi ne a nan." Na ƙyale ta, don mai jego ce.

Ranar Asabar surukinmu ya kai mu Canal Street sayen tsaraba. Jirgin D muka hau, ya nutsa da mu ƙarƙashin ƙasa kusan minti arba'in, muka fito cikin wata hayaniya da ta tuna mini Kantin Kwari. Jakunkuna, agogo, turare, huluna, safar hannu, kowa yana kiran mai saye. Sinawa suna cikin shaguna, mutanenmu suna bakin titi da kayansu a shimfiɗe. Ana ciniki kamar gida, abin da aka ce dala ashirin in ka juya baya ya dawo goma. A nan muka haɗu da Malam Isufu, mutumin Maraɗi, dattijo mai sayar da huluna da mayafan wuya, shekararsa goma sha biyar a kan titin. Muka gaisa kamar mun san juna. Da hira ta yi nisa na ba shi labarin takardar makaranta. Ya gyaɗa kai ya ce, "Bon, Hajiya, wannan na lakwal ne. Ki zo in gwada miki na kasuwa." Lakwal shi ne makaranta a bakinsu na Nijar.

Ya bar wa maƙwabcinsa kaya, ya ja mu layi uku zuwa huɗu, inda shagunan masu kuɗi suke. Ya tsaya gaban wani katafaren kantin tufafi da takalma ya nuna gilashin gaba.

Daddumar sallah ce, koriya, mai hoton ƙubba da hasumiya, irin wadda ke ɗakin kowannenmu. An shimfiɗa ta an jera takalman mata masu tsini a kanta, daidai wurin da goshi ke sauka. A bayanta ga mutum-mutumin talla da 'yar guntuwar riga, an rataya mata carbi a wuya tare da gicciye. A gefe ga kan gunkin nan da mutanen Asiya ke girmamawa, an sa masa baƙin tabarau. Daga lasifikar bakin ƙofa kuma waƙar nan ce ta Sumayya ke tashi, an haɗa ta da kiɗa.

Ban san lokacin da na tura ƙofar na shiga ba. Wata budurwa ta tare ni da fara'a. Na nuna mata daddumar na ce ta san mece ce wannan? Ta ce ado ne, masu tsara shagon ne suka kawo, babu ruwansa da addini. Na ce a kan irinta nake sa goshina sau biyar kowace rana. Ta ce ba ta ji daɗi ba da na ɗauke shi haka, amma zane ne kawai. Ta yi maganar cikin ladabi, kuma na ga alama iyakar abin da aka koya mata ke nan. Maigidana ya ja gefen mayafina muka fito.

Malam Isufu ya ce su uku suka shiga satin da ya wuce. Har tayin sayen daddumar ya yi, don kawai ya ɗauke ta daga ƙarƙashin takalma, mai shagon ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya ce, "Abin da ya fi yi mini ciwo, Hajiya, ba shimfiɗawar ba ce. Da sun ce mun sani, mun yi ne da gangan, da na san da wanda nake magana. Amma su dubi idona su ce abin da nake gani ba shi ba ne."

Tsarabar da ban gama saye ba ke nan ranar. Muka ci shinkafa da kaza a wurin wani mai keken abinci ɗan Masar, a tsaye, tururi na fita daga bakinmu, muka koma gida.

Ranar Litinin na sauka ɗakin wanki da ke ƙarƙashin benen da kayan jariri. A can na tarar da maƙwabciyarsu Anti Akosuwa, Kirista ce 'yar Kumasi, a gefen zango, unguwar Hausawan can, ta tashi shi ya sa take jin Hausa, aikinta kula da tsofaffi a gidajensu. 'Yarta Abena ajinsu ɗaya da Sumayya. Kullum da dariya take gaishe ni, ranar kuwa fuska a ɗaure. Ta ce malamar ajin ta sa yara su zana abin da suke so game da hutu. Abena ta zana jaririn Yesu a cikin komin dabbobi, an liƙa zanen kowa a bango, nata aka mayar mata, wai addini ne.

Ta ce da Hausarsu ta zango, "Hajiya, watanku yana bango, kyandir na Yahudu yana bango. Yesu na yarinya nawa ne kawai an cire. Ku an ba ku gata."

Raina ya ɓaci, na mayar mata da zafi. Na ce wane gata, a ƙirƙiro mana bikin da ba mu da shi? Kuma ku da waƙarku ake sa jikata tana yi safe da yamma? Ta ce wace waƙa? Na ɗan rera mata farkonta. Ta ajiye kwandon hannunta a kan injin.

"Wannan waƙa a coci nake yinsa," in ji ta. "Ranar Kirsimeti ina yinsa ina kuka, ina tuna uwana. Su suka ce ba addini ba ne?"

Na ce a rubuce ma, kuma shekaranjiya na ji ana sayar da takalma da ita.

Muka tsaya muna kallon juna, injuna suna ta juyawa. Ita an ɗauke mata waƙar ibada an ce kiɗa ce kawai. Ni an ɗauki abin da ke saman hasumiyarmu an ce ado ne. Ta ce akwai taron iyaye ranar Alhamis, za ta je. Na ce da ni.

'Yata ta roƙe ni kada in je. Mijinta ya ce iyaye suna da ikon magana, babu abin da za a yi wa kowa. Malam ya ce, "Ke sati huɗu za ki yi ki tafi. Yarinyar ce za ta zauna a ajin." Na ji shi, amma ban tsaya na auna maganar ba. Sumayya kuwa ko tambayarta ban yi ba.

Makarantar tana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ɗumi ko'ina, littattafai har rufi, kujerar kowane yaro da sunansa. Na tuna ajin da na bari mai yara tamanin a kan tabarma. A zauren shiga ga bishiyar nan ta kusa taɓa silin, fitilu suna walƙiya, ga tsohon nan mai jar riga da farin gemu a kowace ƙofa. Mazaunin kyandir yana kan wani tebur. Watanmu na kwali ne, an shafa masa ruwan gwal, an jingine shi kusa da tukunyar kashe gobara.

Iyaye kusan talatin ne suka zo. Shugabar makarantar mace ce mai natsuwa, da ganinta a gajiye take. Da aka gama maganar abinci da ranakun hutu, Anti Akosuwa ta miƙe ta ɗaga zanen Abena ta tambayi laifinsa. Shugabar ta ce ba ita ta kafa ƙa'idar ba, daga sama take. Bishiya da kyandir da wata ana lissafa su a cikin al'ada, jariri a komin dabbobi kuwa addini ne tsantsa. Waƙa kuma ana koyar da ita ne don daɗin sautinta da tarihinta.

Na miƙe. Na ce ni baƙuwa ce, kakar Sumayya, kuma na riƙe makaranta kamar yadda take riƙe da wannan. Na ce jaririn da aka hana a bango shi ne dai wanda ake kira Ubangiji a cikin waƙar, ina so a gaya mini yadda ya zama addini a takarda, ya daina zama addini a bakin yara. Na ce mu ba ma bauta wa wata, amma a kan masallatanmu yake, kuma ba mu da wani bikin hunturu, duk wanda ya rubuta layin nan bai tambayi Musulmi ko ɗaya ba, ga su kuwa cike da unguwar. Na ce in makaranta tana so yara su san addinan juna, ni mai goyon baya ce, a ce musu wannan ta Kiristoci ce, ga ma'anarta, wannan ta Yahudawa ce, wannan ta Musulmi ce. Amma kada a koya wa yaro cewa abin da kakarsa ke girmamawa kayan ƙawa ne.

Turancina na Kano yana ta tuntuɓe, amma na kai ƙarshe. Wasu suka tafa, wasu suka duba agogo. Wani uba ya ce yara ne kawai suke nishaɗi, kada a ɓata musu. Wata dattijuwar malama da ke zaune a baya ta ce ita Bayahudiya ce, kuma mahaifinta bai taɓa kunna kyandir ɗin nan ba sai da addu'a. Ba ta ƙara komai ba. Shugabar ta gode mana, ta ce za ta duba, kuma duk yaron da iyayensa ke da damuwa ana iya ɗauke masa shiga bikin.

Na fito ina jin na yi abin kirki.

Washegari Sumayya ta dawo ta jefar da jakarta a bakin ƙofa. Malamarsu ta kira ta gefe ta ce tunda gidansu suna da damuwa, ba za ta riƙe watan ba, ba kuma za ta yi waƙar ba. Sati uku tana haddar layinta a gaban madubi. Ta tsaya a gabana hawaye na zuba ta ce da Turanci, "Kaka, kin ɓata mini komai." Ta shige ɗaki ta rufe ƙofa. Uwarta ta dube ni, ta ci gaba da jijjiga jariri.

Ranar bikin mun je duk da haka. An ba wata yarinya mai jin Sifaniyanci watan kwalin. An cire layin bikin hunturu, gaisuwa kawai ta yi ta koma. Bishiya tana nan, kyandir yana nan, zanen Abena bai koma bango ba. Abena ta yi waƙar, uwarta tana gefena ta sunkuyar da kai. Sumayya tana zaune tsakanina da uwarta da rigar da aka saya mata don ranar. Da 'yan ajinsu suka fara rerawa na saci kallonta, leɓenta yana motsi babu sauti.

Har yanzu in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Babu wanda ya ce a cire yarinyar. Gyara muka nema, gyaran layi ɗaya da faɗin gaskiya. Amma sun shirya abin ta yadda ko dai ka haɗiye ƙaryar, ko ɗanka ya zauna a benci yana kallon 'yan'uwansa. Shi ya sa iyaye irin 'yata suke yin shiru, kuma shirun nasu ake nunawa a ce ai kowa ya yarda.

Kwana uku Sumayya ba ta yi mini magana ba. A cikin hutun wani tsohon ɗalibin Malam da ke zaune a Stapleton ya gayyace mu cin abinci, muka tafi da ita. Jirgin ruwa ake hawa zuwa tsibirinsu, kuma kyauta ne, abin da Malam ya ce shi kaɗai ya gani kyauta a duk garin. Iska tana yankan fuska, tsuntsaye suna bin mu, dogayen benaye suna ja da baya. Ina ta mita a kan makarantar, sai Malam ya ce, "Shekara nawa kika yi kina tsayar da 'ya'yan Kiristocin Sabon Gari a asambule ana karanta Fatiha?"

Na ce ni ban taɓa cewa Fatiha ba addini ba ce.

Ya ce, "Da uban nan bakanike ya zo miki da ƙorafi, me kika ce masa?"

Na tuna mutumin, da hularsa a hannu. Ce masa na yi tsarin makaranta ne kawai, ba wani abu ba. Ya yi godiya ya tafi, 'ya'yansa biyu suka ci gaba da tsayawa a layi har suka gama aji shida. Na juya ina kallon ruwa.

A hanyar dawowa na zauna kusa da Sumayya. Na ce abin da na faɗa a makaranta gaskiya ne, ko gobe zan maimaita, amma ya kamata in fara zama da ita tukuna, kuma a nan na yi laifi. Sai ta ce ita ma ta san ba mu da bikin hunturu, tun farko ta sani, so take kawai ta hau dandamali ƙawayenta su gan ta. Na ce na gane. Ta ɗora kanta a kafaɗata har muka isa gaɓa. Kafin mu taso 'yata ta gaya mini ita da Anti Akosuwa sun sa sunansu a kwamitin iyaye, don badi su kasance a wurin tun ranar da za a rubuta takardar. Ban san abin da za su iya ba, amma na ji daɗi.

Farkon Janairu muka dawo, ta Abuja kamar yadda muka tafi. Muka shigo Kano da hantsi, ana cikin hidimar Maulidi, ga zaɓe ya matso. A wani shataletale muka tsaya cikin cunkoso, na ɗaga kai. Wani ƙaton allon talla ne, koriyar ƙubbar Madina ta cika rabinsa, ɗaya rabin ƙunshin taliya ne yana tururi, an rubuta barka da Maulidi. A ƙasansa fastocin wani ɗan takara sun rufe katanga, yana sanye da harami, Ka'aba a bayansa, ga alamar jam'iyya a gefe. Wasu sun ɓalle sun faɗo cikin kwata, masu babur suna bi ta kai. Shekara da shekaru nake wuce irin waɗannan ban taɓa jin komai ba, sai da na je wata ƙasa na ga daddumata a ƙarƙashin takalma.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Duk inda aka ce maka wannan ba addini ba ne, ado ne, al'ada ce, tsari ne kawai, to ka duba wanda ke faɗa da abin da yake so ya sayar ko ya wuce da shi. A New York na ji zafinsa don ni ce 'yar tsiraru. A gida ni ce nake faɗa wa wasu. Fushina da makarantar nan da kantin nan bai huce ba, kuma ba na so ya huce, sai dai yanzu ya haɗa da mai taliya, da ɗan takara, da shugabar makarantar da na kasance.

Satin da muka dawo na sa aka nemo mini garejin uban yaran nan a Sabon Gari. Ya tsufa, bai gane ni ba sai da na faɗi sunan makarantar. Na ce na zo ne a kan wata amsa da na ba shi shekaru da yawa da suka wuce, ba daidai ba ce. Ya goge hannunsa da tsumma, ya jawo mini benci ya ce in zauna.